Ɗan Haye A Maƙerar Sauti

A ƙasar Hausa, tun zamanin kaka da kakanni, kiɗa sana'a ce ta gado, kuma kowane abin kiɗa yana da gidan da ya dace da shi. Kalangu na mahauta ne, dundufa ta maƙera, garaya ta maharba, tambari kuwa na sarki ne shi kaɗai. Kotso da taushi suna hannun makaɗan fada, ƙwarya da shantu suna ɗakin mata. Ɗan makaɗi yakan buɗe ido ne ya tarar da ubansa yana fafe itace, yana jiƙa fata, yana ɗaure ta, yana shanya ta a rana, yana ƙwanƙwasa ta da yatsa yana kasa kunne. Saboda haka tun kafin ya iya riƙe gula ya riga ya san yadda ake yi wa ganga murya. Wanda ya shigo sana'ar da rana tsaka kuwa, ba uba ba kaka, shi ake kira ɗan haye, kuma komai gwanintarsa ba a rasa mai tuna masa da asalinsa.

To, ga shi yau zamani ya zo da wata sana'a wadda kusan duk masu yin ta a ƙasar nan 'yan haye ne. Sana'ar ita ce ƙirar sauti. Ya kamata mai karatu ya bambanta ta da kiɗa tun daga farko, don kada magana ta rikice masa. Makaɗi yana buga abin da aka riga aka ƙera masa ne. Maƙerin sauti kuwa muryar kanta yake ƙerawa, daga wutar lantarki da lissafi, a cikin kwamfuta, ba fata ba itace. Shi ne zai yanke kaurinta, da tsawon numfashinta, da yadda za ta tashi, da yadda za ta mutu. Fannin da ya fi gagara a cikin wannan sana'a shi ne ƙirar amon ƙasa, watau kakkaurar muryar nan da samarin situdiyo ke kira bes, wadda ba kunne kaɗai ke jin ta ba, har ƙirji da ciki, irin wadda takan sa gilashin taga kakkarwa in motar 'yan biki ta wuce.

Ba abin mamaki ba ne a sami masu wannan haye a Abuja, tun da yake birnin ma kansa ba na gado ba ne. Dokar soja ce ta haife shi ran 3 ga Fabrairu, 1976, zamanin marigayi Janar Murtala Muhammad, gwamnati kuma ba ta tare a cikinsa ba sai ran 12 ga Disamba, 1991. In ka ɗebe Gwarawa da sauran ƙabilun da aka tarar a wurin, kowa baƙo ne, kowa da abin da ya kawo shi. Cikin waɗanda suka biyo ƙurar gwamnati har da wani mahauci daga ƙasar Katsina, wanda ya sauka Dei-Dei kusa da kasuwar dabbobi, ya kafa teburinsa, ya tara iyali. Ɗansa na uku shi ne abin magana a nan.

Saurayin ya gama sakandare, halin ci gaba bai samu ba, sai ya zauna a rumfar wani mai gyaran wayar salula a Kubwa, yana sauya gilashi, yana liƙi da dalma, yana kuma tura wa mutane waƙoƙi a wayoyinsu. A nan kunnensa ya cika da kiɗa iri iri, na gida da na waje. A 2019 ya haɗa 'yan kuɗin da ya tara ya tafi Banex, a Wuse, ya sayo kwamfuta ta hannu wadda batirinta ba ya kai sa'a guda, aka zuba masa manhajar FL Studio, wadda wani kamfanin ƙasar Beljiyam mai suna Image-Line ke yi tun ƙarshen shekarun 1990, wadda kuma samari da yawa masu haɗa kiɗa a ƙasar nan da ita suka fara. Ba shi da malami sai hotunan koyarwa na YouTube, cikin Turancin da rabinsa ke wuce shi, yana kallo da tsakar dare lokacin da kuɗin intanet ke sauka.

Shekararsa ta farko ta tafi ne a kan abin da ya ɗauka koyo ne, alhali kuwa tsince-tsince ne. Ita manhajar tana zuwa da ɗaruruwan sautuka shiryayyu, ga na ganga, ga na sarewa, ga na amon ƙasa, abin da ya rage wa mutum shi ne ya zaɓa ya jera. Cikin 'yan watanni gogan naka ya iya haɗa kiɗa cikin sa'a guda, abokai suna tafi suna kiransa injiniya. Abin da bai lura da shi ba shi ne, sautukan da ke cikin kwamfutarsa su ne a cikin ta kowane saurayi daga Nyanya har Birnin Kebbi.

Wannan cuta kuwa ba a kansa farau ba. A shekarun 1990, sa'ad da finafinan Hausa suka bunƙasa a Kano, fiyanon Yamaha ya shiga situdiyo ya zama shi ne ganga, shi ne sarewa, shi ne goge. Mutum ɗaya da yatsu goma ya maye gurbin ƙungiyar makaɗa sukutum. An sami sauƙi, an sami arha, an kuma sami waƙoƙi masu daɗi waɗanda har yau ake so. Ba mai musun wannan. Amma fa sarewar da ke cikin fiyanon nan injiniyoyin Japan ne suka zaɓe ta, gangar da ke cikinsa kuma ba ta taɓa jin Hausa ba. Aka wayi gari waƙa ɗari, murya ɗaya. Bayan wannan sai ga Auto-Tune, manhajar gyaran muryar mawaƙi da aka fitar a Amurka a 1997, ta zo ta daidaita har maƙogwaron mawaƙan. Sa'an nan wajen 2020 guguwar amapiano ta taso daga Afirka ta Kudu da wani amon ƙasa mai kama da dukan kututture, kowa ya rungume shi tun daga Legas har Kano. Abin ban sha'awa shi ne, shi ma wannan amo yana cikin shiryayyun sautukan FL Studio. Samarin Pretoria da Johannesburg ne suka tono shi, suka murɗa shi, suka lanƙwasa shi har ya zama nasu. Su sun yi aiki a kansa. Masu ɗauka daga hannunsu kuwa aro kawai suka yi, ga shi kuma masu iya magana sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

Wanda ya fara gaya wa saurayin gaskiya ba ɗan situdiyo ba ne. Wani tsoho ne, makaɗin kalangu, wanda yakan zagayo wurin mahautan Dei-Dei ya yi wa kowa takensa, a sallame shi da tsoka da 'yan kuɗi. Wata rana yaron ya same shi zaune a inuwa, ya durƙusa ya gaishe shi, ya miƙa masa abin sauraro na kunne.

Ya ce, "Baba, ga ɗan kiɗan da na haɗa, a ji a sa mini albarka."

Tsohon ya saurara har ƙarshe, ya cire abin daga kunnensa, ya ce, "Madalla, yaro. Akwai ƙarfi. To, amma me take cewa?"

"Wa ke nan, Baba?"

"Gangar taka mana. Na ji tana ta bugu, ban ji ta ce komai ba. Gangar da ba ta magana ai sunanta turmi."

Maganar ta yi wa yaron zafi, ya kwana biyu yana cewa tsoho bai san zamani ba. Amma magana irin wannan ƙaya ce, in ta shiga sai an cire ta ake samun barci. Daga bisani ya rufe taskar shiryayyun sautukan nan, ya ƙudura cewa ba zai sake amfani da muryar da ba shi ya ƙera ba, aka koma karatu daga baƙi.

Abin da ya fara fahimta shi ne, sauti ba wani abu ba ne illa kakkarwar iska. In fata ko tsirkiya ta girgiza, sai ta tura iskar da ke kusa da ita, iska ta tura ta gaba, har ta iso ga dodon kunne. Yawan girgizar a cikin sakan ɗaya shi ke sa murya ta yi siriri ko ta yi kauri. Kunnen ɗan Adam mai ƙuruciya da lafiya yana jin abin da ya kama daga girgiza 20 zuwa 20,000 a sakan. Amon ƙasa yana zaune ne daga wajen 250 zuwa ƙasa, gindinsa na can ƙasa kuwa, tsakanin 20 da 60, jiki ya fi kunne sanin zuwansa.

Na'urar da ake wannan ƙira da ita ita ce sintesaiza, wadda ba laifi in an kira ta maƙerar sauti. Wani Ba'amurke, Robert Moog, yana cikin waɗanda suka fara fito da ita a 1964, a lokacin tana da girman kabad. Yau kuwa manhaja ce a cikin kwamfuta, amma aikin bai sake ba. Da farko akwai mafarin sauti, inda ake zaɓen ɗanyen ƙarfen da za a ƙera. Wani tsantsa ne, sumul, kamar fito, ba shi da ɗanɗanon komai. Wani kuma, wanda zanensa ya yi kama da haƙoran zarto, kaushi gare shi, cike yake da ƙananan muryoyi birjik. Daga nan sai rariya. Kamar yadda mace ke tankaɗe gari ta raba laushi da tsaki, haka ake tankaɗe sauti, a bar masu kauri su wuce a tare sirara, ko kuma akasin haka. Sa'an nan sai numfashi, wanda a ganin masu sana'ar shi ne ran abin: shin muryar za ta fito ne farat ɗaya kamar dukan gula, ko a hankali kamar jan goge? In ta fito, yaya za ta sauka, har yaushe za ta tsaya, kuma in an sake ta za ta mutu nan take ne ko za ta ja jela? Bambancin ganga da sarewa, rabinsa a nan yake. Saurayin ya shafe mako uku a kan murya guda, yana matsa wannan, yana sassauta wancan, yana rubuta kowane gwaji a littafin makaranta mai layi, domin ya lura kunne mantau ne, abin da ya yi daɗi da daddare yakan zama shirme da safe.

Ana cikin haka sai ɗakinsa ya ci amanarsa. Sauti yana tafiyar mita 343 ne a sakan. In ka raba wannan da 50, za ka ga igiyar amo mai girgiza 50 ta kusa mita 7 a tsawo, ɗakin yaron kuwa mita 3 da rabi ne, watau rabin igiyar cif. Abin da ke faruwa a irin wannan ɗaki shi ne, amon yakan daki bango ya dawo ya haɗu da mai zuwa, a jikin bango da kusurwa su taru su yi ruri, a tsakiyar ɗaki kuwa su kashe juna. Shi kuma a tsakiyar yake zama. Sai ya riƙa jin kiɗansa ba nauyi, ya yi ta ƙara amon ƙasa, ranar da ya kai shi motar wani abokinsa lasifika ta kama ɓaɓatu kamar za ta yage. Maganin masu kuɗi shi ne a gina ɗaki na musamman. Maganin ɗan mahauci kuwa shi ne tsohuwar katifa da buhunan tsumma a kusurwoyi, da matsar da tebur, da kuma yawo da kowane kiɗa wuri wuri kafin a yarda da shi: a ji shi a mota, a ji shi a rediyon mai shayi, a ji shi a waya.

Ita ma wutar lantarki, ranar da ta ga damar zuwa, tana da tata muryar. Wutar ƙasar nan tana kai da komo sau 50 ne a sakan, ƙananan janareta kuma suna juyawa sau 3,000 a minti don su ba da wannan adadi. In waya ba ta da kyau, ko ba a kafa ta da ƙasa ba, sai wani gurnani mai girgiza 50 ya kutso cikin abin da ake ɗauka, a tsakiyar gonar mai ƙirar amon ƙasa. Ba ya tankaɗuwa ba tare da an zubar da gari ba. Dole yaron ya koyi cire waya daga bango in zai ɗauki sauti, ya yi tsere da batirin nan nasa mai gajeren rai.

Wani abin da ya ƙarfafa masa guiwa shi ne labarin magabata, don ya gano su ma 'yan haye ne. King Tubby na birnin Kingston, a Jamaika, mai gyaran rediyo ne kamar yadda shi yake mai gyaran waya. A shekarun 1970 ya riƙa ɗaukar waƙoƙin da aka gama, ya zare muryar mawaƙi, ya turo ganga da amon ƙasa gaba, ya sa musu amsa-kuwwa, daga nan aka sami salon da ake kira dub. Jikokin wannan salo ne, a unguwar Croydon da ke kudancin Landan, suka fito da dubstep a farkon shekarun 2000, inda ake sa rariyar nan ta riƙa buɗewa tana rufewa da kanta har amon ya yi ta rawar ɗari. Na'urar ganga ta Roland TR-808 kuwa, wadda aka fitar a Japan a 1980, kasuwa ƙin ta ta yi, wai gangarta ba ta yi kama da ta gaske ba, aka daina yin ta a 1983; sai yaran baƙaƙen fata na Amurka suka saye ta a gwanjo, suka ja jelar babbar gangarta ta yi tsawo, ga shi yau babu inda ba a jin ta a duniya.

Amma wanda ya fi taɓa zuciyarsa na kusa da gida ne. Mamman Sani na Jamhuriyar Nijar, malamin makaranta wanda ya yi aiki da UNESCO, ya sami wata ogan ta lantarki ƙirar Italiya mai suna Orla, ya zauna shi kaɗai a Yamai yana sarrafa ta, yana zuba mata karin waƙoƙin Fulani da na Buzaye. A 1978 ya ɗauki kaset ɗinsa na farko, rediyo da talabijin na Nijar suka yi shekaru suna sa kiɗansa tsakanin shirye-shirye, sauran duniya kuwa ba ta san da shi ba sai a 2013, da kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da shi. Watau tun Abuja tana daji wani ɗan Sahel ya riga ya sa na'urar Turawa ta yi yaren gida.

Da wannan ƙarfin guiwa ya ari na'urar ɗaukar sauti ya koma wurin tsohon nan, ya roƙe shi ya buga masa kalangu a hankali, bugu ɗaya ɗaya. Da ya zuba abin a kwamfuta ya buɗe zanensa, sai ya ga da ido abin da tsoho ya sani da hammata. Kowane bugu kashi uku ne: ga ƙarar gula a kan fata, gajeruwa kamar ƙiftawar ido, ga jikin muryar, ga kuma jelarta, wadda ba ta tsayawa wuri ɗaya, tana hawa in an matse igiyoyin, tana sauka in an sassauta. A nan maganar take. Hausa harshe ne mai karin sauti, kowace gaɓa ko dai ta hau, ko ta sauka, ko ta faɗo daga sama. Wuyan da ke ɗauke da kai yana farawa sama ya sauka, wuyar da ake sha kuwa tana farawa ƙasa ta hau. Harufa ɗaya, ma'ana biyu. Kalangu yana bin wannan hawa da sauka ne, shi ya sa mahauci yakan ji takensa daga nesa ya san da shi ake. Makaɗan kotso ma, masu manna ɗan danƙo a tsakiyar fata don murya ta yi kauri, ashe ƙirar sauti suke yi tun ba a haifi Moog ba. Sunan ne kawai ba su sa mata ba.

Sai ya shiga ƙera amon ƙasa mai kashi uku, ya ba shi kan kalangu, da jiki mai ɗan kaushi, da gindi tsantsa, ya kuma sa muryar ta riƙa zamewa daga wani mataki zuwa wani tana bin karin kalma. A nan ya ci karo da wuya biyu, waɗanda daga baya suka zama guda. Ta farko ita ce, can ƙasa kunne ba ya rarrabe hawa da sauka sosai, duk sai ya ji kamar gurnani ɗaya. Ta biyu ita ce, yawancin masu sauraronsa a waya za su ji shi, lasifikar waya kuwa ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba, ba ta da ƙarfin tura iskar da amo mai girgiza 50 ke bukata. Duk wahalar da ya sha, in an kunna a waya sai a ji wayam.

Mafitar tana cikin wata baiwa da Allah Ya yi wa kunne. Muryar tsirkiya ko ta maƙogwaro ba ta tafiya ita kaɗai, tana tafe ne da 'ya'yanta: in uwar tana girgiza 50, 'ya'yan suna 100, da 150, da 200, haka har sama. To, in aka cire uwar aka bar 'ya'yan a jere, ƙwaƙwalwa takan cike gurbin da kanta, mutum ya rantse ya ji uwar. Saboda haka maƙerin sauti yakan ɗan ƙona amonsa da gangan, ya sa masa kaushi, don ya haifi 'ya'yan da ƙaramar lasifika za ta iya ɗauka. Su ne kuma ke fito da hawa da saukar muryar fili. Da yaron ya kai wa tsoho wannan sabon gwaji, sai ya saurara sau biyu, ya yi murmushi, ya ce, "Yanzu kam ta fara magana, ɗana, sai dai da in'ina."

Kada mai karatu ya zaci daga nan sai daɗi. A gida akwai rigima. Mahaifinsa bai taɓa ɓoye ƙin abin ba, hujjarsa kuwa ta gado ce. Yakan ce, "Mu ake yi wa kiɗa, ba mu ke yi wa wani ba. Ɗan mahauci da roƙo?" In yaron ya ce, "Baba, ni ba maroƙi ba ne, ƙira nake yi," sai uban ya ce a nuna masa abin da aka ƙera ya riƙe a hannu. A kasuwa ma haka. Mawaƙan biki da na siyasa, waɗanda su ke da kuɗin biya, ba gwaji ke kawo su ba; kowa yakan zo ne da waƙar wani a waya ya ce a yi masa irin wannan, kuma kafin magariba. Lokacin zaɓen 2023 ya sami irin wannan aiki da dama, ya yi, domin ciki ba ya jiran fasaha, da kuɗin ma ya sayi batiri da lasifika. Amma gaskiyar magana ita ce, kasuwar waƙar Hausa tana biyan mai kwaikwayo, tana barin mai ƙirƙira da yunwa, sa'an nan a dawo ana kukan wai kiɗan zamani duk iri ɗaya ne. Laifin ba na na'ura ba ne, ba kuma na samarin kaɗai ba ne.

Akwai kuma haɗarin da ba a cika faɗa wa masu koyo ba. Tun 1933 wasu masana biyu na Amurka, Fletcher da Munson, suka nuna cewa in an rage ƙarar sauti, amon ƙasa ne ke fara ɓacewa daga kunne. Don haka mai ƙirarsa kullum hannunsa na kai wa ga ƙarin ƙara. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta yi gargaɗin kada babba ya wuce sa'a 40 a mako yana sauraron abin da ya kai desibel 80, in ƙarar ta ƙaru kuma lokacin raguwa yake yi ƙwarai. Ƙananan gasun da ke can cikin kunne, in sun mutu ba su sake tsirowa. Sai da saurayin ya kwana uku kunnensa na hagu yana ƙugi kamar an saki sauro a ciki, sa'an nan ya koyi aiki da ƙaramar murya da hutawa bayan kowace sa'a. Maƙeri in ya ƙone a hannu ya warke. Wannan kuwa jarinsa ke nan gaba ɗaya.

Abin da ya fi damunsa yanzu shi ne ƙarancin abin koyi. Alhaji Musa Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Alhaji Mamman Shata a 1999, Allah Ya ji ƙansu. Duk wanda ya saurari tsofaffin faya-fayansu zai ji muryar mawaƙi a gaba, kotso da kalangu suna baya, gindin amonsu bai fito yadda yake a fili ba. In ka buɗe taskokin sautin da kamfanonin waje ke sayarwa, za ka tarar da gangunan Indiya da na Mali da na Kuba an ɗauke su bugu bugu, amma da wuya ka ci karo da kotso, ko taushi, ko dundufa. Masu buga su kuwa tsufa suke yi, 'ya'yansu da dama sun kama wata hanyar. Saboda haka ya mai da ranar hutunsa ta yawon ɗauka: ƙwaryar da aka kife a kan ruwa wurin matan unguwa, da shantu, da gangar noma a wani ƙauye bayan Zuba.

Ya rage saura uban tafiya, watau tambari, wanda shi ne amon ƙasan Hausa na asali. Shi kuwa ba a cewa a buga a ji. Sa'ar da ya yi ita ce akwai tsohuwar fada kusa da shi. In ka wuce Zuba, ka bar Dutsen Zuma a gefe, sai Suleja, garin da Abu Ja, na zuriyar sarakunan Zazzau na Haɓe, ya kafa a 1828, wanda kuma shi ne Abuja ta asali kafin ya ba babban birnin sunansa. Can ya tafi da Sallah, ya kutsa cikin taro da na'urar aro a ƙarƙashin riga. Abin da ya komo da shi hayaniya ce: kakaki, da algaita, da bindiga, da kofaton dawaki, da guɗa. Amma a wani wuri, kamar an yi wa kowa tsawa, aka sami sakan huɗu da babu komai sai tambari.

Waɗannan sakan huɗu sun rushe masa lissafi. 'Ya'yan muryar faffaɗar fata ba su jeruwa 50, 100, 150 kamar na tsirkiya. A warwatse suke, wannan na gogar wancan, shi ya sa amon yake da wata irin kwarjini da ba ta kamuwa da tsantsar sauti. Duk wanda ya ƙera, in ya saurara da safe, sai ya ji gangar Roland ce ta sa rawani. Littafinsa ya nuna gwaji na 61 yake ciki. Da ya kai wa tsohon kalangu mafi dama a cikinsu, ko abin sauraron bai karɓa ba. Ya ce, "A'a, yaro, wannan ba hurumina ba ne. Ni makaɗin mahauta ne. Sai ka nemi masu tambarin." Tun daga ranar yake cigiyar wanda zai yi masa iso a fada.